Ba Tsoro Ne Ya Hana Shi Ba

A ɗakin jiran likitan ido, wata mata da ke gefen wani dattijo ta ɗaga wayarta sama.

"Alhamdu lillahi, sun karɓa!"

"Aiki kika samu, 'yata?"

"A'a, Baba. Tarihin wani gwanin sunuka, wasan nan na buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, na gyara a kundin sani na intanet. An rubuta wai tsoro ne ya hana shi buga wasan ƙarshe. Wata uku ina tonon tsofaffin jaridu kafin na kafa musu hujja. Asibiti ya ruga, matarsa na naƙuda."

Dattijon ya riƙe baki. "Ya bar kofi saboda haihuwa? To, Allah Ya sa abin da aka haifa ya kai kofin daraja."

Ta ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. "Kai za ka faɗa, Baba. Ga ta nan kusa da kai."