Malam Sale Bai Bar Hoto Ba, Ya Bar Gada

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Ni ce Hajara daga Makarfi.

Ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta buga kalanda da hotunan manyan da suka yi wa gari hidima. Na duba sama da ƙasa, babu mahaifina, marigayi Malam Sale mai rake. Alhali a zaurensa aka kafa ƙungiyar. Shi ya kira gayyar da ta gina gadar rafinmu, rafin da ke hana yara zuwa makaranta duk damina.

Na je na sami shugaban ƙungiyar. Ya ce, "Yi haƙuri Hajiya, Malam bai bar hoto ba."

Gaskiya ne, Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi ba. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, ta kan me motarka ke bi kullum?"

Wallahi kalandar nan ba za ta hau bangona ba. In hoto suke nema, su ɗauki gadar, su rubuta sunansa a ƙasa.

Ina gaida dattawan da suka ɗauki duwatsu tare da shi. Su ma na duba, babu su.