Masu Karatu Tara

DARMADI: Halo? Koh Tiong? Darmadi ne.

TIONG: Wa? Ɗaga murya, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya!

DARMADI: Darmadi! Mai wasiƙar hasashen kasuwa ta wata-wata!

TIONG: Au, Pak Dar, sarkin duba! Ina kwana? Ya gida, ya uwargida Bu Ratmi?

DARMADI: Lafiya lau, tana gaishe ka. Ya ƙafa?

TIONG: Kasuwa? Da godiya. Muddin ana cin shinkafa a Semarang ai kecap ɗinmu, miyar waken soyan nan, ba ya kwantai.

DARMADI: Ƙafa na ce, Koh!

TIONG: Oho, ita kam ta riga ni ritaya. Ya jikoki? Ruwa bai shigo muku ba?

DARMADI: Iyakarsa dokin ƙofa. Ka samu ta Disamba?

TIONG: Na samu. Hasashe biyar ka yi bana, uku sun sha ƙasa. Da a da ne barkono uku za ka tauna.

DARMADI: Kai, ka tuna min! Benen gidan abincin nan, masu kamfani arba'in da uku, marigayi Pak Harjo mai katako ya miƙe yana karanto kurakuraina ɗaya bayan ɗaya. Kowane kuskure ɗanyen barkono guda.

TIONG: Shekarar da ka ce rupiya ba za ta faɗi ba fa?

DARMADI: Bakwai na ci! Ina hawaye kuna tafi.

TIONG: Mu ma ai kuka muke, dariyar da muke maka ce ta rufa mana asiri.

DARMADI: Wallahi ina kewar lokacin. Na buga a tafireta, na hau babur na bi ku ofis-ofis, kowa ya tsare ni da shayi. Yanzu saura ku tara, Koh. 'Ya'yanku a waya suke karanta komai. Shi ya sa na kira. Ta Disamban nan ita ce ta ƙarshe.

TIONG: Ta ƙar...

DARMADI: Halo? Layin ne?

TIONG: Ba layi ba ne, ni ne. Ta ƙarshe kamar yaya?

DARMADI: Shekara talatin da ɗaya fa. Gara na sauka da ƙafata.

TIONG: Pak Dar, bari na faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Shekara biyu rabona da karanta wasiƙarka. Idona ya tafi.

DARMADI: Subhanallahi! To wa yake...

TIONG: Lanny, 'yata. Tun da na miƙa mata kamfani muka saɓa, don ta kori tsofaffin ma'aikatana ta kawo injuna. Gida ɗaya muke, amma daga "Papa ka ci abinci?" sai "Papa ka sha magani?" Ranar da ambulan ɗinka ya iso ne kawai take jawo kujera ta zauna kusa da ni.

DARMADI: Ashe tana jin daɗinta?

TIONG: Ina! Cewa take tsohon nan bai san komai ba. Ta karanta layi biyu ta tsaya ta yi masifa, na kare ka, ta taso min, na rama. Rabin awa cur muna magana, kamar lokacin da take ƙarama tana bina wurin tulunan kecap. Sau goma sha biyu a shekara nake da 'ya, Pak Dar. Shi za ka ƙwace min?

DARMADI: Koh... ban sani ba.

TIONG: To yanzu ka sani.

DARMADI: Kaina ya bushe fa. Me zan ce a ta Janairu?

TIONG: Waken soya. Ka ce farashinsa zai sauka.

DARMADI: Haba! Ko makaho ya san tashi zai yi!

TIONG: Ni ne makahon, na kuma sani. Ka rubuta zai sauka, ka dage sosai, shafi biyu. Sai ta kai awa guda ba ta tashi daga kujerar nan...

DARMADI: Koh? Halo? Koh Tiong! Kash, katin wayata ya ƙare. Ratmi! Ina kika kai tafiretar nan?