Ƙwayar Ƙarƙashin Harshe

A layin karɓar magani, wani tsohon tela ya dafe ƙirji, ya ɗauko 'yar ƙwaya da gorar ruwa. Matar da ke gefensa ta riƙe gorar.

"Baba, wannan ba a haɗiye ta. Ƙarƙashin harshe ake sa ta."

"Ba duk ciki za ta ba, 'yata?"

"Ina! In ta bi ciki, hanta ce za ta cinye ta kafin zuciya ta samu. Ta ƙarƙashin harshe kuwa, nan take ta shiga jini."

Ya gwada. Can ƙirjin ya sake shi.

"Ikon Allah! Likita ce ke?"

"Jinyar mijina na yi."

"Lallai ya yi dacen mata! Ya jikin nasa?"

Ta miƙa masa gorar.

"Ya rasu, Baba. Ranar ba na gida, sai ya haɗiye ta."