Hayaƙin da Aka Ɓoye wa Baba

A tashar Kawo muna jiran mota ta cika, wani dattijo ya miƙa wa saurayin da ke kusa da shi karan sigari.

"Na gode, Alhaji, na bari. Jiya aka sallamo matata daga asibiti. Jini ne ya daskare mata a ƙafa, ta kumbura suntum, har na ɗauka yankewa za a yi."

"Subhanallahi! Ta samu sauƙi dai?"

"Da ƙafarta ta shiga gida, alhamdu lillahi. Likita ya ce hayaƙin da take shaƙa yana sa jini saurin daskarewa."

"Hayaƙin wa? Ai namiji a waje yake shan tabarsa."

"A waje, mahaifina yana zaune a zaure? Ni ɗan mutunci ne, Alhaji. Ɗaki nake shiga in rufe ƙofa da taga."

"Ita kuma tana ina?"

"Tana ciki mana, ina za ta?"

Dattijon ya mayar da karan cikin kwali. "Kai ka gaya wa likitan haka?"

"Ina! Cewa na yi ba mai sha a gidanmu. Baba ne ya ce, 'Likita, rabu da shi, tun yana gwauro nake jin warin.'"