Hanyar Motocin Gyaɗa ta Bayan Gari

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu, ina gajiya? Ni ne Sani Tela daga Getso.

Bara da kakar gyaɗa naƙuda ta tsananta wa matata Rabi, muka ɗauko ta a mota za mu asibiti. A bakin kasuwar Gwarzo motocin gyaɗa da jakuna suka toshe hanya, ba gaba ba baya. Ta ce, "Malam, ka yafe mini." Matan kasuwa suka kare ta da zannuwa, nan ta haihu.

Bana an share wa manyan motoci hanyarsu ta bayan gari. Jiya muka wuce sumul, Rabi na goye da 'yarmu. Alhamdulillahi!

Ina gaida mutanen Kabo da Durun. Ku ma ku roƙa a yi muku irinta.