Littafin da Ba Za Ta Iya Ba

A rumfar mai littattafai, wasu mata biyu suna zaɓen littattafan yara masu hawa mataki-mataki. Ɗaya ta leƙa na hannun ɗayar.

"Baiwar Allah, wannan fa mataki na shida ne. Ɗan naki ya kai can?"

"Mace ce. Tana na biyu."

"To ai ko shafin farko ba za ta wuce ba."

"Na sani. Shi ya sa nake son sa."

"Da gangan za ki saya wa yarinya abin da zai gagare ta? Anya ke kika haife ta?"

"Ni na haife ta. Da kullum tana kan cinyata ina karanta mata. Tunda ta fara waɗannan, sai ta shige bayan kujera ita kaɗai. Jiya na leƙa, ta ce, 'Umma, na iya, je ki yi aikinki.'"

"Ikon Allah. Ni kuwa na farko na zo saya wa nawa, ko ya ƙyale ni in huta."

"Za ki huta kuwa, 'yar'uwa. Har sai hutun ya ishe ki."

Mai tambayar ta juya littafinta, sannan ta ɗaga murya.

"Mai littafi, ba ka da wanda ya ɗan fi wannan wuya?"