Tankin Da Ya Ƙi Shiga Soro

Zaharaddini: Salamu alaikum. Yaya Indo, ina wuni?

Indo: Wa alaikumus salam. Ɗan halak, yanzu Inna ta gama ambatonka. Ya Legas?

Zaharaddini: Lafiya lau. Ya gida, ya jikin Inna?

Indo: Ƙafar ce dai, amma da sauƙi. An sauke tumatirin?

Zaharaddini: An sauke, kasuwar ce ba armashi. Ya Ilham? Ya mai nauyi?

Indo: Sa'adiyya ai tun jiya muke neman layinka saboda...

Zaharaddini: Wayar ce ta faɗa ruwa, wannan ma aro na yi, katin kuma ba yawa. Yaya, maganar tanki na kira. An rufe kanal ɗin ban ruwan?

Indo: Tun makon jiya. Sun ce yasa za a yi, sai ranar da Allah ya yi a sako. Har yara na ƙwallo a ciki. To dama ina ce maka...

Zaharaddini: Madalla da na yi dabara. Kin tuna haihuwar Ilham, yadda wankan jego ya zo daidai da rufe ruwa, na dinga bin 'yan garuwa kamar mai roƙo. Na ce bana ba za a maimaita ba. Tankin ya iso?

Indo: Ya iso.

Zaharaddini: An cika?

Indo: Hambali maƙwabcinmu ya ja mesa da injin ban ruwansa ya cika shi taf, ana gobe za a rufe.

Zaharaddini: Alhamdu lillahi. A ina kuka kafa shi? Na ce gindin darbejiya, kusa da madafi.

Indo: Wace darbejiya? Kai da ka saya, ka gan shi da idonka kuwa?

Zaharaddini: Dattijo dillali ya turo min hotonsa. Na masu turara shinkafa ne a Kura, sun daina sana'ar, shi ya sa na same shi da araha. Sabo ai sai mai gonar hekta.

Indo: To a hoton babu mutum a tsaye kusa da shi, ko? Zaharaddini, wannan ba tanki ba ne, rumbu ne. Da a-kori-kura ta sauke shi, sai da mutanen Bunkure masu wucewa suka tsaya kallo. Ya ƙi shiga soro.

Zaharaddini: Ya ƙi me? Layin na yankewa.

Indo: Soro. Ƙofar soro ta yi masa kaɗan. An kwantar, an mirgina, an karkata, ko kafaɗarsa ba ta shiga ba.

Zaharaddini: To a ɗaga shi ta katanga mana. Duk majiya ƙarfin unguwar nan?

Indo: An gwada. Katangar ƙasa ce, ta fara zuba, Inna ta fito da sandarta ta kore su.

Zaharaddini: A fasa ƙofar soron, in na dawo na gyara.

Indo: Kai ka faɗa mata. Cewa ta yi soron da Baba ya gina da hannunsa, ta nan aka fita da shi, ba za a rushe shi don roba ba.

Zaharaddini: Yanzu ina tankin yake?

Indo: Ƙofar gida, gefen dakali.

Zaharaddini: A waje? A bakin hanya? Yaya, kin san abin da hakan ke nufi kuwa?

Indo: Na sani mana, ni nake gani.

Zaharaddini: Ku sa kwaɗo a famfon. Yau ɗin nan.

Indo: Hambali ya sa tun ranar farko.

Zaharaddini: Yauwa, Allah ya yi masa albarka.

Indo: Mukullin yana bakin zanin Inna.

Zaharaddini: Inna lillahi. Wa ya ba ta?

Indo: Gidan wa? Da farko Asta maƙwabciya ce ta zo da bokiti ɗaya, yaronta na gudawa. Sai gidan Malam Sada. Sai matan rugar bayan gari da tulunansu. Ka san ba a ganin ruwa a ƙofar gida a wuce. Na ce Inna, wannan fa na wankan jego ne, ta ce ita tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin gidan da aka hana ruwa ba, ba kuma za a fara a kanta ba.

Zaharaddini: Ni na ce a hana mutane sha? Ajiya na yi. Ajiya. Mace za ta yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da me za a yi? Da ladan Inna? Saura kamar yaya a ciki?

Indo: Zuwa jiya da safe, in ka ƙwanƙwasa, amsawa yake kamar ganga.

Zaharaddini: Kai, kai, kai. Wata guda ina cinikin tankin nan. Ko takalmi ban saya ba. Ashe rijiya na haƙa wa unguwa. Araha dai ba ta ado, yau na yarda. Yanzu in haihuwar nan ta zo cikin wannan hali...

Indo: Ai ta zo.

Zaharaddini: Me ta zo?

Indo: Haihuwar. Jiya da hantsi. Tun ɗazu nake son faɗa maka, ka cika min kunne da tanki.

Zaharaddini: Sa'adiyya ta sauka? Lafiya? Yaya, lafiya take?

Indo: Ƙalau, ta ci tuwo har da ƙari.

Zaharaddini: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. To ruwan fa? Da me aka... ba ku bar ta babu wanka ba dai?

Indo: Ni ma da na buɗe famfo na ga ko ɗigo babu, sai da na zauna a dakali na yi hawaye. Kafin a yanke cibiya sai ga Asta da bokiti. Sai gidan Malam Sada da jarka biyu. Matan ruga da tulu a ka, tun daga bayan gari. Ashe ruwanka na nan kwance a randunan mutane, shi suka dinga dawo da shi. Waɗanda nasu ya ƙare suka tura kura har burtsatsen Garun Malam. Yanzu ko masakin ajiyewa babu a gidan, sai a tankinka muke juyewa.



Indo: Hello? Ka tafi ne?

Zaharaddini: Ina ji.

Indo: Inna ta ce in gaya maka, da tankin ya shiga soro, da wa zai san muna nema.

Zaharaddini: Ki ce mata na ji. Amma duk da haka a karɓi mukullin nan a hannunta.

Indo: In ka dawo ka kwance da kanka. Ga ta nan ma tana cewa mutum ya yi ta tambayar roba, bai tambayi abin da aka haifa masa ba.

Zaharaddini: Af. Yaya, yi sauri, sun ce saura minti ɗaya tun ɗazu. Me aka samu?

Indo: To kai dai shirya rago, don wallahi kamar an tsaga kara, hancin nan naka sak. An samu...

Zaharaddini: An samu me? Yaya? Yaya Indo? Hello?